Lambun da Ba a Buɗe Ba

Sana'ar mahaifina tufkar igiya ce. Tun da na yi wayo nake ganin sa a gindin ceɗiyar da ke fuskantar ƙofar gidanmu, zaune a kan buzu, ga tarin kaba da zaren tsofaffin buhuna a gefensa. Akwai wata ƙatuwar ƙusa da ya kafa a jikin bishiyar, a nan yake maƙala bakin igiya ya yi ta ja da baya yana murzawa. Ranar Alhamis ya ɗaure abin da ya samu ya kai kasuwar Maigatari, inda masu shanu da raƙuma suka san hannunsa. Ceɗiyar kuwa shi ya dasa ta. Reshe ɗaya ya saro a Ɗanzomo shekarar da ya auri mahaifiyata, ya kafa shi a filin, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, ya yi ta zuba masa ruwan alwalarsa har ya kama. Yakan ce ita ce 'yarsa ta fari, mu duk ƙannenta ne, kuma ta fi mu jin magana tunda inda ya ajiye ta nan take.

Filin ba namu ba ne, na gari ne. Garinmu ƙarami ne a ƙasar Gumel, kuma duk wanda ya taɓa yin bazara a wajenmu ya san inuwa ba abin wasa ba ce. Da hantsi mata su baza shanyar kuɓewa da barkono a can gefe. Da rana masu koro dabbobi zuwa kasuwa su ya da zango su sha fura. Da la'asar yara su cika wurin da ƙwallo da langa, dattawa kuma su haƙa gurbin dara a rairayi su yi ta musu har a kira magariba. Babu wanda ya taɓa ce wa wurin wani abu ban da Gindin Ceɗiya.

A cikin dattawan akwai aminin Baba, wani tsohon dillalin raƙuma ɗan asalin Damagaram da ya zauna a garinmu tun kafin a haife ni. Kawu muke ce masa. Shi kuma tun da na gama makaranta yake kira na mushe, wai haka ake kiran ɗan boko a ƙasarsu. Na san da gayya yake yi, don ya sani sarai a wajenmu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce.

Ni a ƙaramar hukumarmu nake aiki, a sashen da ke kula da itatuwa da lambuna. Kada sunan ya ruɗe ka. Ɗaki ɗaya ne da tebur biyu, ga baro marar ƙafa a lungu, ga garewanin ban ruwa duk sun huje. Babban aikinmu sau ɗaya yake zuwa a shekara: da damina a kawo 'ya'yan itatuwa a leda, manya su sa manyan riguna su dasa a ɗauki hoto, kafin mako ya zagayo awaki su yi nasu bikin. Sauran shekarar kuwa hira muke yi a gindin darbejiyar ofis.

Sai wata shekara shugaban ƙaramar hukumar ya je wani taro a birni, ya ga wurin shaƙatawa, ya dawo ya ce mu ma sai mun yi namu. Da aka zo neman fili, aka ce ai gara inda akwai inuwa a shirye, tunda an san halin dashenmu. Ka ji yadda aka zaɓi Gindin Ceɗiya. Ni na kai wa majalisar su Baba labari.

Baba ya ce, "Shaƙatawa kamar yaya?"

Na ce, "Wurin da mutane za su zo su zauna su sha iska, yara su yi wasa."

Ya dubi masu dara, ya dubi yaran da ke ƙwallo, sannan ya dube ni. "To yanzu me muke yi?"

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. An ce mana aikin ba zai daɗe ba, su ɗan matsa kawai a gama.

Aka zagaye filin da katanga, ƙasanta bulo samanta ƙarfe, yadda daga waje kana ganin komai. Aka kafa lilo da abin zamewar yara. Aka zuba kujerun siminti, akasarinsu a tsakiyar rana. Aka kawo furanni daga Kano, aka sa famfo, aka kafa fitilun sola. Laifi ne a ce bai yi kyau ba, ya yi kyau. Ranar da leburori suka kwashe kayansu aka ja ƙofar ƙarfe aka ɗana mata kwaɗo.

Washegari Baba ya ɗauki buzunsa da kabarsa ya tsallaka hanya, ya tarar da ƙofa a rufe. Ya aika aka kira ni.

Ya ce, "An gama?"

Na ce, "An gama, Baba."

"To a buɗe mana."

"Ai ba a buɗe ba tukuna."

"Na gani da idona ba a buɗe ba. Shi ya sa na ce a buɗe."

Sai da na zauna na yi masa bayani cewa a aikin hukuma buɗewa iri biyu ce. Akwai ta mukulli, akwai ta almakashi. Ta almakashi ita ce babban baƙo ya zo daga sama, a ɗaura ƙyalle a bakin ƙofa ya yanke, a yi tafi. Kuma ta mukulli ba ta halatta sai an yi ta almakashi. Kawu yana tsaye yana ji. Ya ce, "Mushe, a gidanmu akwai almakashi, na askin gemu. In ɗauko?"

Babban baƙon bai zo ba a wannan shekarar. An sa rana an ɗaga, an sake sawa an sake ɗagawa, har wa'adin shugaban ya cika ya tafi. Wanda ya gaje shi kuwa ba zai sa a yanke ƙyallen aikin wani ba, don yabon ba nasa zai zama ba. Sai ya ce aikin bai cika ba. Aka canja fenti, aka tumɓuke furannin da suka bushe aka kawo wasu daga Kano, aka fasa ƙofar aka mayar da ita ta fuskanci titi, daga baya aka ga bai yi ba aka dawo da ita inda take. Shi ma ya tafi ba a buɗe ba. Na bayansa ya zo ya sauke allon suna ya kafa nasa. Baba da ya ji wannan ya ce shi shekara da shekaru yana tufka, amma bai taɓa ganin gwanayen tufka da warwara irin iyayen gidana ba.

Mu ma'aikatan sashen mukan shiga jefi-jefi, duk lokacin da aka yi raɗe-raɗin baƙo na tafe. Mu share ganye, mu cire ciyawa, a kawo tankar ruwa a jiƙa ƙasa don famfon bai taɓa ɗiga ba, sannan mu fito a rufe. In mun gaji a gindin ceɗiyar muke hutawa. Nakan zauna daidai inda Baba yake shimfiɗa buzunsa, ƙusarsa a saman kaina, in ci abincin da na zo da shi.

Majalisar kuwa ta koma bakin katanga ta waje. Da safe akwai ɗan tsirin inuwa, amma da rana ta karkata sai inuwar duk ta koma ciki, ta kwanta a kan kujerun da ba kowa. Tsofaffi ba su jure wannan ba. Wasu suka koma zaurukansu, wasu Allah ya yi musu rasuwa, dara ta mutu. Yara suka mayar da ƙwallonsu bakin titi inda manyan motocin kan iyaka ke wucewa, iyaye mata kullum rai a hannu. Baba ya kafa wata ƙusar a zaurenmu, amma zaure ba ya ba da tsawon igiyar raƙumi. Ana nan wata safiya ya faɗi a wurin alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Bayan mun dawo da shi daga asibiti a Gumel, zaure ya zama duniyarsa. A fito da shi da safe a jingina shi da bango, fuskarsa na kallon ƙofa. Daga nan ana hango saman ceɗiyar ta kan katanga. Maganarsa ta yi nauyi amma hankalinsa garau. Duk ranar da ya ji mun shiga shara sai ya tambaye ni ko ƙusar tana nan, in ce tana nan. Wata rana ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya.

Ya ce, "Ka gaya wa maigidanka ina roƙon alfarma. Yini ɗaya. A bar ni in zauna a gindinta, ni da waɗanda suka rage. In ga an buga dara. Ba zan taɓa musu lilo ba."

Maigidan nawa, shugaban sashenmu, ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, don da mugu ne da na tsane shi na huta. Dattijo ne mai sanyin murya, ya kusa ritaya, mukullin lambun yana haɗe da na babur ɗinsa. Tsoro ne ya cika masa ciki. Ya taɓa jin labarin wani takwaransa a wata ƙaramar hukuma da ya bar yara suka shiga irin wannan wuri kafin biki, suka tsinka lilo, baƙo ya zo ya gani, aka ba shi takardar tuhuma. Tun daga nan ya rantse ba za a yi da shi ba.

Na same shi na ce, "Yallaɓai, tsoho ne, ba shi da lafiya, kuma shi ya dasa bishiyar."

Ya ce, "Na sani. Wallahi na sani. Amma in na buɗe wa mutum ɗaya da rana tsaka, gari ya gani, da wane baki zan hana sauran?"

Na ce, "To kada a hana su mana. Ba don su aka yi ba?"

Ya ce, "Don su aka yi, amma ba a buɗe ba."

Na yi ta komawa har ya fara canja hanya in ya hango ni. Wata rana raina ya ɓaci na ɗaga masa murya a gaban mutane, na ce wannan ba lambu ba ne, kurkuku ne aka yi wa bishiya. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗana, ba ni na kashe zomon ba, rataya aka ba ni." Da yamma kuma ya kira ni gefe, ya ce ya yi tunani ya samo mafita. In kawo Baba da asuba bayan an fito masallaci, kafin gari ya waye sosai, ya buɗe mana mu shiga mu ɗan zauna mu fito ba wanda ya gani.

Na dawo gida da saurina, har ina ganin na yi abin kai. Baba ya saurare ni har na gama. Ya daɗe yana juya harshensa kafin maganar ta fito.

Ya ce, "Wa ke neman inuwa da asuba?"

Ya ce a gode wa maigidana, amma shi ba zai shiga gindin bishiyarsa da sanɗa kamar ɓarawon akuya ba, kuma shi kaɗai ba majalisa ba ne. Ya ce zai jira almakashi.

Almakashin ya kusa zuwa sau ɗaya. A farkon wata bazara aka ce wannan karon tabbas ne, babban baƙo zai wuce ta garinmu kuma ya amince ya tsaya. Muka yi kwanaki muna shara. Aka shafa wa gindin ceɗiyar farar ƙasa har zuwa ƙugu, aka kafa rumfuna a waje, aka jera kujerun roba, aka ɗaura ƙyalle a bakin ƙofa. Baba ya sa aka fito da babbar rigarsa ta salla aka wanke aka kai bugu. Na aro keken marasa lafiya. Tun da hantsi muka shirya shi, muka sa masa hula, muka ajiye shi a bakin zaure, buzunsa a kan cinyarsa. Kawu ya zo da wasu tsofaffi biyu, aljihunsa cike da 'ya'yan dara. Na daɗe ban ga fuskar mahaifina ta yi haske irin na ranar ba.

Aka yi azahar. Lasifika ta yi ta kiɗa. Aka yi la'asar. Can muka ji jiniya, makaɗa suka miƙe, yara suka ruga bakin titi. Ayarin motoci ya zo ya wuce fuu ya nufi Maigatari, ko rage gudu bai yi ba. Daga baya aka ce lokaci ne ya ƙure, za a sake sa rana. Kafin magariba masu rumfa sun kwashe kayansu. Ƙyallen ma wani ya kwance ya tafi da shi.

Muka mayar da Baba ciki. Ya ce wa mahaifiyata, "Ninke rigar nan ki ba wa yaron, ta fi ƙarfina." Daga ranar bai sake tambayar ƙusa ba, ya kuma ce a daina jingina shi yana kallon ƙofa. Na yi baƙin ciki a rayuwata, amma ban taɓa jin irin na wannan lokacin ba. Kullum da safe in wuce lambun in tafi ofishin da ke riƙe da mukullinsa, in dawo da rana in tarar da mahaifina yana zufa a ƙarƙashin kwano, ana yi masa fifita.

A tsakiyar bazarar ya rasu, da hantsi. Aka sa jana'iza bayan azahar. Mutum ne na jama'a, aka zo daga Ɗanzomo, daga Gagarawa, daga Sule Tankarkar, ga abokan cinikinsa na Maigatari. Tun da katanga ta cinye filin, abin da ya rage a ƙofar gidanmu ɗan lungu ne, bai isa sahu biyu ba. Mutane suka yi cirko-cirko a rana, tsofaffi suna rufe kai da gefen riga, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Liman ya fara tambayar inda za a ajiye makara.

Sai ga shugaban sashenmu ya iso a kan babur ɗinsa. Ya yi mini ta'aziyya, ya dubi jama'a, ya dubi rana. Ban roƙe shi ba, wallahi ko tunanin roƙon ban yi ba. Ya ciro mukullan, ya zare na lambun da farcensa ya miƙo mini.

Ya ce, "Buɗe musu su shiga inuwa. Babu wanda zai tuhume ni a kan gawa."

Na tsaya da mukullin a hannuna ina kallon sa. Maganganu da yawa sun taso mini, amma gawar mahaifina na jira, kuma idon mutumin ya yi ja. Na tsallaka na sa mukulli. Kwaɗon bai ko yi gardama ba, murɗa ɗaya ya buɗe.

Aka shigo da Baba a kan makara aka ajiye shi a gindin ceɗiyar, daidai ƙarƙashin ƙusarsa, a lokacin da inuwar ta fi cika. Waɗanda suka rage na majalisarsa suna sahun gaba. Sallar gawa ba ta da ruku'u ba ta da sujada, kafin ka ankara an sallame. Iyakar zaman da ya samu ke nan, aka ɗauke shi muka tafi makabarta.

A nan muka yi zaman makoki. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar, masu gaisuwa suna shiga suna fita ta ƙofar da aka hana su shekara da shekaru. Wasu bayan sun yi addu'a sai su ɗan zagaya su taɓa kujerun siminti, su ce ashe haka cikin yake. Yara suka hau lilon da ya yi tsatsa, yana ƙara, ba wanda ya kore su. A rana ta biyu na ga Kawu zaune a gefen tabarma yana haƙa 'yan ramuka a rairayi da yatsa, layi-layi, hankalinsa ba ya wurin. Da ya farga gurbin dara yake yi a zaman makoki, sai ya share da tafin hannu.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa an watse, shugaban sashen ya aiko a tuna mini da mukulli, wai an fara magana a sama. Muka naɗe tabarmi, na sa aka share wurin. Kawu ne na ƙarshe da ya fito, yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo na ja ƙarfen na ɗana kwaɗo.

Ya ce, "Mushe, gobe mu zo?"

Na ce, "Sai an buɗe, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana duban bishiyar ta tsakanin ƙarafan. Ya ce, "To, ai yanzu mun gane hanya. Sai mu jira na gaba a cikinmu."

Har yau ba a buɗe lambun ba. An sake masa fenti, an sake allo, shugaban sashenmu ya yi ritaya lafiya ba takardar tuhuma, ya miƙa mukullin ga wanda ya gaje shi. Tun bayan Baba sau ɗaya aka cire kwaɗon don mutanen gari, a bazarar da ta biyo baya. Ni na buɗe, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauko makarar Kawu.